Faifai 412: yadda aikin juye su zuwa FLAC ke tafiya

4 ga Janairu, 2025

Yau na sauko da kwalaye biyar daga saman kabad, na zauna a ƙasa na ƙirga abin da ke ciki. Faifan CD 412 ne, har da waɗanda suka zo biyu-biyu a gida ɗaya. Wasu tun ina makaranta na saye su, wasu kyauta ce, wasu kuma na Baba ne da suka dawo hannuna bayan rasuwarsa.

Faifai ɗaya ne ya sa na tashi tsaye. Na ɗaga shi ga hasken taga in ga ko ƙura ce a jikinsa, sai na ga haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji, kamar an caccaka shi da allura. Da na bincika sai na gane na shekara ashirin ina tattalin gefen da bai fi buƙatar tattali ba. Kaurin faifai milimita 1.2 ne, kuma kusan dukansa roba ce mai garai-garai. Sautin yana can sama, a ƙarƙashin rubutun da ke fuskar faifan: shimfiɗar alminiyam siririya, sai ɗan shafe da ya rufe ta, shi ke nan. Karcewar da ke gefen da ke ƙyalli sau da yawa ana iya tsallake ta. Wadda ta ci gefen rubutu kuwa ta tafi da sautin ɗungurungum.

Shawarar da na yanke: kowane faifai zan juye shi zuwa FLAC. Ba MP3 ba, domin MP3 zubar da wani ɓangare na sautin yake yi don fayil ya ƙanƙance, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. FLAC matsewa kawai yake yi, kamar a ninke tufa a sa a akwati. In aka warware, abin da aka sa shi za a tarar. Josh Coalson ne ya fito da shi a 2001, kowa na iya amfani da shi kyauta, kuma a Disambar 2024 aka wallafa cikakken bayanin tsarinsa a matsayin takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 9639. Wannan na ƙarshen ne ya kwantar mini da hankali: ko manhajojin yau duk sun shuɗe, akwai rubutaccen bayani da wani zai bi ya buɗe fayilolin.

11 ga Janairu

Faifai 46 cikin mako guda. Manhajar sauraren waƙa da ke kwamfutar ma tana juyewa, minti huɗu ko biyar ta tofo faifai. In aka ci gaba a haka, kafin ƙarshen Maris na gama.

19 ga Janairu

Na goge duka 46 ɗin.

Daren jiya ina sauraren ɗaya daga cikinsu da abin sawa a kunne, a tsakiyar waƙa ta tara na ji ɗan "ƙas", kamar an taka busasshen kara. Na mayar baya, yana nan. Na sake juye waƙar, sautin ya ɓace daga wurin, amma da na gwada fayil na farko da na biyu sai na ga ba iri ɗaya ba ne. Na juye a karo na uku, shi ma ya fito da nasa. Faifai ɗaya, na'ura ɗaya, amsa uku. To wanne ne na gaskiya?

Ga inda gizo ke saƙar. Philips da Sony ne suka tsara faifan sauti a 1980, ya shiga kasuwa a 1982, kuma don a saurara aka yi shi, ba don a kwafa ba. Ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bit 16, ta kunnen hagu da ta dama. An yanka shi gunduwa-gunduwa, 75 a daƙiƙa, kowace gunduwa bait 2,352. A faifan da ke ɗauke da bayanan kwamfuta, bait 2,048 kawai ake cikawa a gunduwar, ragowar an bar su don adireshi da ƙarin gyaran kuskure. Faifan sauti ba shi da wannan ƙarin. Yana da nasa tsarin gyara mai suna CIRC, mai ƙarfi ne kuwa, amma in karcewa ta fi ƙarfinsa, na'ura ba ta tsayawa ta ce ta kasa. Sai ta dubi awon da ke gaba da wanda ke baya ta yi kirdadon na tsakiya, ta wuce abinta. Ga mai sauraro wannan alheri ne. Ga mai ajiya kuwa kitso ne da ƙwarƙwata.

Ƙanena ya shigo ya tarar ina goge foldar. Ya ce, "Yaya, duk waƙoƙin nan fa suna intanet, da danna ɗaya za ka ji su. Wannan wahalar ta mece ce?" Na ce masa ya nemo mini uku da na zaɓa daga kwalin Baba. Ya samu ɗaya, shi ma an sake gyara sautinsa, an ƙara masa ƙara har ganga ta danne komai. Bai sake magana ba, amma daga kallonsa na san bai gamsu ba.

26 ga Janairu

Na koma Exact Audio Copy, manhajar da Andre Wiethoff ya fara fitarwa a 1998. Masu Mac suna da XLD, masu Linux suna da whipper, duk hanya ɗaya suke bi. Yini guda na kashe a kan saiti, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abu uku na koya. Na farko, karatun tsanaki: manhajar ba ta yarda da gunduwa sai ta karanta ta fiye da sau ɗaya ta ga amsar ta zo ɗaya, in ba ta zo ba ta yi ta maimaitawa. Na biyu ya fi ba ni mamaki. Yawancin na'urorin karanta faifai suna da ɗan wurin ajiya na wucin gadi, to in aka ce su sake karantawa, sai su miƙo abin da suka riƙe ba tare da sun koma kan faifan ba. Ka ga an tambayi shaida ɗaya sau biyu ke nan, an ce shaidu biyu sun yi daidai. Dole a gaya wa manhajar ta riƙa wofintar da wurin kafin kowane karatu.

Na uku shi ne gocewa. Kowane samfurin na'ura yana fara karatu ne ɗan gaba ko ɗan baya da inda ya kamata, kuma gocewar tasa ba ta canzawa. Tawa awo 6 ce. Kunne ba zai taɓa jin wannan ba, bai kai kashi ɗaya cikin dubu bakwai na daƙiƙa ba. Amma muddin ba a gyara shi ba, fayil ɗina ba zai taɓa zama daidai da na wani mai irin faifan ba, kuma wannan daidaituwar ita ce gaba ɗaya abin da nake nema.

Domin akwai wata ma'ajiya a intanet, AccurateRip, inda duk wanda ya juye faifai manhajarsa ke aika wata lamba da aka lissafo daga sautin kowace waƙa. Ba waƙar ake aikawa ba, lambar kawai, kamar zanen yatsa. In lambata ta yi daidai da ta mutum talatin da ban sani ba, masu na'urori daban, masu faifai mai karcewa a wurare daban, to da wuya a ce dukanmu kuskure iri ɗaya muka yi. Faifan farko da na gwada ya dawo da shaidu sama da ɗari a kowace waƙa. Waƙa ta tara ɗin nan ma ta fito tsaf, sai dai ita kaɗai ta ci minti goma sha ɗaya.

9 ga Fabrairu

Faifai 58, wannan karon da shaida. Kowace folda tana ɗauke da fayilolin FLAC, da fayil ɗin .cue mai nuna inda kowace waƙa ta fara da tazarar da ke tsakani, da rahoton .log na yadda karatun ya gudana, da hoton bango.

Lissafin wuri: minti ɗaya na sautin CD kusan megabait 10.6 ne in ba a matse ba, faifan awa guda ya kai 635. FLAC yana rage mini shi zuwa tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku. Waƙoƙi masu sanyi da yawan shiru sun fi matsuwa, masu hayaniya kuwa da kyar. In aka tafi a haka, tarin duka ba zai wuce gigabait 150 ba. Na ɓata wani dare ina gwada matakin matsewa na 5 da na 8, bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma sautin da ke fitowa ɗaya ne ko a wane mataki. Na bar shi a 8 don kawai kwamfutar ba ta jin nauyinsa.

Abin da ke cin lokaci ashe ba juyewar ba ne, sunaye ne. Yawancin fayafayai ba su ɗauke da sunan waƙa ko na mawaƙi a jikinsu. Manhaja tana duban yawan waƙoƙi da tsawonsu ne ta je ta tambayo. Tsohuwar ma'ajiyar freedb ta rufe a 2020, don haka MusicBrainz nake amfani da ita ta manhajar Picard. Albam ɗaya sai ka tarar an buga shi sau goma sha, a ƙasashe daban da shekaru daban, wani da ƙarin waƙa biyu. Sau biyu na zaɓi bugun da ba nawa ba don ƙiwar juya kwali in duba lambar da ke baya. Yanzu sai na gwada lambar kafin in danna komai.

23 ga Fabrairu

Makon fayafayai masu karcewa. Na ware 23 da suka ƙi wucewa.

Wanki ya warkar da tara: ruwa mai ɗumi, ɗigon sabulun ruwa, ƙyalle mai laushi, a shafa daga tsakiya zuwa baki. Kada a bi zagaye. Sautin a murɗe yake kamar igiya, ya taso daga tsakiya ya nufi baki, tsawonsa ya haura kilomita biyar. Karcewar da ta ratsa layukan ɗan kaɗan take ci daga kowanne, CIRC ya cike gurbin. Wadda ta bi layi ɗaya ta kwanta a kansa kuwa, ita ce mai kisa. Wannan ne ma ya sa waƙoƙin ƙarshe suka fi lalacewa, su ne a bakin faifai inda yatsu ke kamawa.

Shida sun wuce da na aro wata na'ura daga wurin ƙanena. Tasa gocewarta awo 667 ce, tsohuwa ce mai ƙugi kamar injin niƙa, amma abin da tawa ta yi awa biyu tana fama da shi, ita minti ashirin ta karance shi. Ba ta fi tawa ba, ta dai bambanta. Akwai faifan da ita ta kasa tawa ta iya.

Uku kuma wata manhaja mai suna CUETools ce ta cece su. Ita ma'ajiyarta ba lambar tantancewa kaɗai take riƙewa ba, har da ɗan bayanin gyara, ta yadda in ɓarnar ba ta da yawa za ta iya ɗinke wurin, fayil ya dawo daidai da na sauran jama'a. Na zura wa allo ido ina ganin awo ɗari da wani abu da suka lalace sun koma sifili. Saura biyar, ciki har da mai hujin allura. Na juye abin da ya samu, na rubuta "akwai rauni" a sunan foldar, don kada wata rana in manta in ɗauka lafiyayyu ne.

15 ga Maris

Faifai 163. Abubuwa biyu na ban mamaki.

Wani tsohon faifai na farkon shekarun 1980 ya wuce tantancewa lafiya lau, amma da na saurara sai ƙarar ta yi tsini, kuge yana sukar kunne. Ashe wasu fayafayan wancan zamanin an ɗaga musu siririn sauti da gangan wajen bugawa, aka sa wata alama da ke gaya wa na'urar sauraro ta sauke shi. Kwamfuta ta kwafo sautin yadda yake, ba ta sauke komai ba. Ban taɓa ainihin fayilolin ba. Na yi kwafi na biyu, na gyara shi da manhajar SoX don saurare, na ajiye shi a gefe da bayani.

Na biyu, rahoton wani faifai ya nuna tazarar minti uku da 'yan kai kafin waƙa ta ɗaya, alhali daƙiƙa biyu aka saba gani. Ɓoyayyiyar waƙa ce, wadda a na'urar sauraro sai ka danne maɓallin komawa baya daga farkon faifai kafin ka ji ta. Shekara goma sha bakwai faifan yana hannuna ban san da ita ba. Na'urata ta kasa shiga wurin, shiru kawai ta kwafo. Ta ƙanena ce ta fito da ita. Waƙar ba wani daɗi gare ta ba, gaskiya.

6 ga Afrilu

Na iso kwalin Baba, kuma a nan duk dabarar da na koya ta tsaya.

Talatin da ɗaya daga ciki ba na kamfani ba ne, CD-R ne da aka ɗora wa sauti a gida, an rubuta suna da alƙalami a kai. Waɗannan ba a manna musu sauti a jikin roba ba. Wani rini ne a ciki da hasken leza ke ƙonawa, kuma rini yana kodewa, musamman in ya sha rana da zafi. Waɗanda aka liƙa wa takarda a fuska sun fi jin jiki. Biyu da na taɓa gefen takardar sai na ga tana ɗagowa tare da abin ƙyallin.

Yawancinsu ban damu ba. Da na buɗe hoton sautinsu a manhajar Spek sai na ga an yanke komai daga wajen kilohaz 16 zuwa sama, a miƙe kamar da reza, alamar daga MP3 aka ɗora su. Sa irin wannan a FLAC ba ya dawo da abin da ya riga ya zube. Na juye su dai, na rubuta asalinsu.

Amma akwai guda ɗaya. Kawu ne ya juye shi daga wani kaset shekaru da yawa da suka wuce, kaset ɗin kuma ya ɓace. Baba ne da abokansa biyu suna kiɗa a ɗaki, ana jin muryarsa yana cewa a sake daga farko, ana jin dariya, ana jin wani ya ture kujera. Minti 38. Na sa shi, manhajar ta tambayi AccurateRip, amsa ta dawo cewa ba a san wannan faifan ba. To wa zai san shi? Duk duniya shi kaɗai ne. Albam ɗin da aka buga miliyoyi, wanda ko na yar gobe zan samu wani, shi ke da shaidu ɗari biyu. Wanda ba shi da madadi, ba shi da ko ɗaya.

Sai na zama shaidar da kaina. Na juye shi sau biyu a na'urata, karatun gwaji da na kwafi, lambobin suka zo ɗaya a waƙa biyar cikin shida. Na maimaita a na'urar ƙanena, bayan gyara gocewa, biyar ɗin suka yi daidai da nawa. Ta shida ta ƙi. Wajen minti na huɗu akwai daƙiƙa kusan biyu da kowane karatu ke ba da abin da ya ga dama. Na rage gudun na'urar zuwa mafi ƙanƙanta, na bar ta kwana tana yi. Da safe na tarar da kwafi huɗu mabambanta. Na ajiye duka huɗun.

Na kira Kawu in tambaye shi ko yana da wani kwafin. Ya ce, "Ɗana, ai na ɗauka wannan abin ya daɗe da ɓata. Ka ce muryar Yaya tana nan?" Na sa masa ta waya. Bai ce komai ba har waƙar ta ƙare.

27 ga Afrilu

Faifai 249, gigabait 84. Yau ban juye ko ɗaya ba, ajiya na zauna na tsara, don na farga cewa aikin wata uku yana kan rumbun ajiyar kwamfuta ɗaya tak, rumbun kuma ya girmi wasu fayafayan da nake tsoron lalacewarsu.

Na bi ƙa'idar nan ta 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na farko a kwamfuta, na biyu a rumbun waje da ba na barinsa a jone, na uku a wani rumbun da ke gidan ƙanena, mu riƙa musanya duk wata. Ban yarda da folda mai daidaita kanta da kanta a matsayin ajiya ba, domin in na goge abu bisa kuskure, cikin biyayya za ta je ta goge shi a can ma.

Fayafayan kuwa ba zan rabu da su ba. Sun koma kwali a tsaye, nesa da rana da danshi. Ban da cewa su ne asali, dokar kwafi ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya an halatta wa mutum ya kwafi faifansa don amfanin kansa a 2014, kotu ta soke halaccin a 2015.

18 ga Mayu

Gabana ya faɗi yau. Na yi jerin lambobin SHA-256, wato zanen yatsan kowane fayil, a watan jiya, don in riƙa gane ko wani ya ruɓe a ɓoye. Da na gwada da safen nan, fayil 31 suka ce sun canza. Na fara zargin rumbun, har na ɗauko na waje.

Sai na lura duka 31 ɗin na mawaƙi ɗaya ne, wanda na gyara rubutun sunansa ranar Talata. SHA-256 fayil ɗin gaba ɗaya yake dubawa, ko harafi ɗaya aka taɓa a suna sai lambar ta sauya. FLAC kuwa yana da tasa lambar MD5 a ciki, wadda sautin kaɗai ta shafa. Na bi su da umarnin flac -t, duka suka wuce lafiya. Yanzu doka ce: in na taɓa suna, a take nake sabunta jerin.

8 ga Yuni

Faifai 301. Saura 111, kuma da gangan na bar masu wuya a ƙarshe: manyan kwalaye masu faifai shida-shida da sunayensu ke da tsawo har Windows na ƙorafin cewa sunan fayil haɗe da na foldojinsa ya haura haruffa 260, da wasu bakwai na farkon shekarun 2000 da aka yi musu kariyar hana kwafi, waɗanda ko tambarin CD babu a jikinsu. Ɗaya daga cikin masu rauni biyar ya fita daga jerin, na samu wani kwafinsa na hannu, ya wuce da shaidu 64.

Ƙanena ya zo musanyar rumbu. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, waccan ta Baba, ka tura mini ita a waya." Na tambaye shi wanne daga cikin kwafi huɗun waƙa ta shida yake so. Ya ce duk wanda aka fi jin dariyar. Na tura masa na uku. Wani abokin aikinsa yana da tsohuwar na'ura ta daban, ya ce zai kawo ta ranar Asabar mu sake gwada daƙiƙa biyun nan.